Kai Yara Gidan Kifaye Na Dubai Mall: Amsoshin Tambayoyin Da Iyaye Suke Yi Mini

Na yi shekaru ina zuwa Dubai sarin kaya, abaya da mayafai da takalma a kasuwannin Deira, amma ƙafata ba ta taɓa taka gidan kifayen Dubai Mall ba sai a tafiyar da muka yi da maigidana da yaranmu uku. Babban shekararsa bakwai, mai bi masa 'yar shekara huɗu, auta kuma yana goye. Tun da muka dawo 'yan uwa da abokan sana'a ke ta tambayata, kuma kusan duk tambayoyin iri ɗaya ne. Ga su nan, tare da abin da na sani da abin da idona ya gani.

Wai mene ne gidan kifayen nan? Kamar gidan zu yake?

Kusan haka, sai dai a gidan zu kana waje dabba na cikin keji, a nan kuwa ji za ka yi kamar kai aka tsoma cikin ruwan. Sunansa Dubai Aquarium and Underwater Zoo, yana cikin katafaren kantin Dubai Mall da ke gindin dogon benen nan na Burj Khalifa, kuma an buɗe shi tare da kantin a watan Nuwamba na 2008. Kashi biyu ne. A ƙasa akwai babban tankin ruwan gishiri, wanda wata hanyar gilashi mai tsawon mita 48 ta ratsa ta cikinsa, kana tafiya kifaye na shawagi ta damanka, ta hagunka, ta saman kanka. A hawa na biyu kuma aka jera ƙananan tankuna da wuraren kada, karen ruwa, kaguwa, tsuntsun fengwin da sauran halittu.

Girmansa ya kai yadda ake faɗa?

Ya kai. Ruwan babban tankin lita miliyan 10 ne. Ni lamba ba ta zama a kaina sai na auna ta da abin da na sani, don haka na lissafa da jarkar 'yan ga-ruwa mai cin lita 25: sai an juye guda 400,000 kafin ya cika. Tsawonsa mita 51, faɗinsa mita 20, zurfinsa mita 11, wato bene mai hawa uku zai nutse a ciki. Duk da haka ba shi ne mafi girma a duniya ba. Babban tankin gidan kifaye na Georgia da ke birnin Atlanta a Amurka, wanda aka buɗe a 2005, ya ninka shi biyu har da ɗoriya.

Gilashin ba zai fashe ruwa ya tafi da mutane ba?

Wannan ce tambayar farko da kakarsu ta yi da ta ga hoton jikokinta tsaye a gindin wannan uban ruwa. Ba gilashin taga ba ne. Akirilik ne, wani nau'in roba mai ƙarfi da ake gani ta cikinsa garau, kuma kaurinsa santimita 75, kusan tsawon hannun babban mutum daga kafaɗa zuwa yatsa. Faɗin bangon da ke fuskantar cikin kanti kusan mita 33 ne, tsayinsa mita 8.3, nauyinsa ya haura tan 245, kwatankwacin buhun siminti 4,900. Lokacin da aka kafa shi babu irinsa a duniya, sai a 2014 wani gidan kifaye a birnin Zhuhai na ƙasar Sin ya zarce shi.

An taɓa samun matsala a watan Fabrairun 2010, ruwa ya riƙa yoyo, aka fitar da jama'a daga wannan ɓangaren kantin har aka toshe wurin. Bangon bai fashe ba. Na faɗi wannan ne don in wani ya tayar miki da labarin ki san iyakarsa, kada a ƙara masa gishiri a hana ki zuwa.

Dole sai an biya kafin a ga kifayen?

A'a. Babban bangon tankin yana kallon cikin kanti, duk mai wucewa zai iya tsayawa ya kalla kyauta. Tikiti na shiga hanyar gilashi ne da sashen sama. Shawarata ita ce ku fara tsayawa a wajen kyauta ɗin na ɗan lokaci, ku ga yadda yaro zai yi. In ya matsa gaba yana nuni da yatsa, ku sayi tikiti. In ya maƙale a zane yana ɓoye fuska, ku ba shi lokaci, ko ku dawo wata rana, kuɗinku bai tafi a banza ba.

Tikitin iri-iri ne. Akwai wanda ya haɗa da hawa kwalekwale mai gindin gilashi a saman tankin, da ciyar da kifi, da zagayen bayan fage. Ga mai ƙananan yara, tikitin farko mai sauƙi ya wadatar. Duk ƙarin da aka saya, ƙarin layi ne da ƙarin jira, kuma haƙurin yaro ɗan shekara huɗu ba ya da yawa. Farashi da iyakar shekarun da jariri ke shiga kyauta suna canzawa, sai a duba shafinsu na intanet dab da tafiya. Wajen lissafi, dala ɗaya dirhami 3.67 ce, an ɗaure kuɗinsu da dala shekara da shekaru, don haka naira ce kawai za ki sa wa ido.

Shekara nawa ya kamata yaro ya kai kafin a kai shi?

Babu yaron da ya yi ƙanƙanta. Autana bai cika shekara ba, amma da na sauko da shi daga baya na juya fuskarsa ga ruwan, sai ya yi tsit, idonsa na bin wani garken ƙananan kifaye masu ruwan azurfa da ke juyawa tare kamar an ɗaure su da zare ɗaya. Ba zai tuna ba, na sani, amma ya ji daɗi a lokacin. Daga shekara uku zuwa takwas ne abin ya fi kama yaro, domin a nan ne tambaya ba ta ƙarewa a bakinsa.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Da safe, da zarar an buɗe da ƙarfe 10, tsakanin Litinin da Alhamis. Tun watan Janairun 2022 hutun ƙarshen mako a Dubai ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin rana, don haka daga yammacin Juma'a wurin cika yake maƙil. A cikin cunkoso yaro ba ya ganin komai sai bayan manya.

Ki tuna kuma agogon Dubai yana gaban na Najeriya da Nijar da awa uku. Ƙarfe 10 na can ƙarfe 7 na safe ne a jikin yaron da ya sauka jiya. Kada a kai su washegarin isowa, a bari su kwana biyu barcinsu ya daidaita. Yaron da bai ƙoshi da barci ba, ko me aka nuna masa kuka zai yi.

Ta yaya ake zuwa da yara?

Tasi ta fi sauƙi in akwai goyo. Jirgin Metro ma yana zuwa, jan layi, a sauka a tashar Burj Khalifa/Dubai Mall, kuma akwai taragon mata da yara. Sai dai daga tashar zuwa cikin kanti akwai gadar ƙafa mai tsawon mita 820. A rufe take, da sanyinta da bel mai tafiya da mutum, amma ga ƙafar ƙaramin yaro tafiya ce, kuma da an shiga kantin akwai wata tafiyar kafin a kai ga kifayen. A zo da keken jarirai ko da yaron ya iya tafiya. Ba a ci ba a sha a cikin jirgin, akwai tara.

Awa nawa za mu ware?

A nan ne nake so a saurare ni, domin a nan na ga iyaye da yawa suna asarar kuɗinsu da tafiyarsu.

Babba mai sauri zai ratsa hanyar gilashi cikin minti biyar, ya zagaye sashen sama cikin rabin awa. Haka na ga mutane suna yi: waya a sama, hannu ɗaya na jan yaro, “taho mu je, taho mu je”, a ɗauki hoto a nan a ɗauka a can, a fita. Yaron ya wuce kifi dubu bai kalli ko ɗaya ba.

Mu ma da haka muka fara. Sai 'yata ta tsuguna a tsakiyar hanyar gilashin ta ƙi motsi. Wani kifi mai faɗin jiki kamar faifai, da doguwar wutsiya siririya, ya zo ya manna farin cikinsa a jikin gilashin dab da fuskarta. Ta ce, “Umma, yana yi mini dariya.” Babansu ya ce mu ci gaba, akwai sauran abubuwa a sama. Na ce, “Abban yara, don Allah mu ɗan bar ta.” Muka koma gefe muka ba mutane hanya. Kifin ya tafi, ta jira shi, ya zagayo ya dawo. Ta lura gefen jikinsa yana kaɗawa kamar zane a kan igiyar shanya. Ta lura akwai wasu tsaga-tsaga a jere a ƙasan bakinsa da ke buɗewa suna rufewa. Ta tambayi ina idonsa, sai da ya juya ta gano suna ta sama, a bayansa, abin da ta ɗauka ido ne ashe hanci ne. Ba wanda ya koya mata ko ɗaya, ido kawai aka bari ya yi aikinsa. Mun fi minti ashirin a wurin nan, kuma har yau in aka ce Dubai, wannan kifin take fara faɗa, ba dogon bene ba.

Don haka ki ware awa biyu zuwa uku, kuma ki sa a ranki ba lallai ne ku ga komai ba. Inda yaro ya tsaya, a tsaya. Inda ya wuce bai damu ba, kada a dawo da shi dole don an biya kuɗi. Kada kuma a haɗa ranar da sayayya mai yawa ko hawa Burj Khalifa. Kifaye, abinci, salla, gida. In da sauran ƙarfi, a dawo wata rana don sauran.

In yaro ya tsorata fa?

Yana faruwa, kuma ba abin kunya ba ne. Hanyar gilashin tana da ɗan duhu, hasken shuɗi ne, ga kifin shak yana bi ta saman kai. Irin shak ɗin da aka fi sanin wurin da shi haƙoransa a waje suke cako-cako ko bakinsa a rufe. Babban ɗana, mai cika baki tun daga gida cewa shi ba ya tsoro, shi ne ya damƙe hannun babansa.

Abin da ya yi mana amfani shi ne babansa ya durƙusa daidai tsayinsa, ya ɗora tafin hannunsa a gilashin ya ce, “Taɓa ka ji, bango ne.” Suka tsaya tare har shak biyu suka wuce. Roƙona ga iyaye da yayye: kada a mayar da kifin nan dodo. Mun saba da “in ba ka yi shiru ba zan kira dodo”, to a nan kada a ce “zai cinye ka”, ko da wasa. Yaron da aka tsorata a ƙofar shiga ba zai ƙara kallon komai da natsuwa ba, kuma da dare ke za ki kwana rarrashi. In kuka ya ƙi tsayawa, ɗaya ya ɗauke shi ya fita da shi, hanyar ba ta da tsawo. Sashen sama ya fi haske, tankunan ƙanana ne, yawanci a can hankalin yaro ke dawowa.

Me ya sa shak ba ya cinye sauran kifayen?

Domin a ƙoshe yake. Ma'aikata suna ciyar da su a kan kari, har masu nutso da tukunyar iska a baya sukan shiga cikin tankin, suna ba da abinci suna goge gilashi. Farauta wahala ce, dabbar da ta ƙoshi ba ta cika ɓata ƙarfinta ba. Wani lokaci dai akan samu wanda ya kai wa maƙwabcinsa cizo, hali zanen dutse ne. In kuka yi sa'a kuka tarar da mai nutso a ciki, ku tsaya, yara suna son ganin mutum a tsakiyar kifaye yana ɗaga musu hannu.

Waɗanne tambayoyi yara ke yi, don in shirya?

Ga waɗanda nawa suka yi, da amsoshin da na bincika na tabbatar bayan mun koma masauki.

Kifi yana barci? Yana hutawa, amma yawancinsu ba su da fatar ido, don haka idonsu a buɗe yake. In kika ga wani ya lafe a ƙasa ko cikin dutse ba ya motsi sosai, ƙila hutu yake.

Ta ina yake numfashi? Ruwa yake shiga ta baki ya fita ta tsagar gefen kai, a nan jikinsa ke tace iskar da ke narke cikin ruwan.

Shak yana da ƙaya? Ba shi da ƙashi ko ɗaya, jikinsa guringuntsi ne irin na kunne da hanci. Haƙoransa kuma layi-layi ne, in na gaba ya faɗi na baya ya matso, haka har ƙarshen rayuwarsa. Wannan ya burge ɗana ƙwarai, domin a lokacin yana famfara. Irin mai haƙora a wajen nan yana da wata dabara ta daban: yakan hau saman ruwa ya haɗiyi iska ya ajiye a ciki, ita ke sa ya tsaya cak a tsakiyar ruwa bai nutse ba.

Fengwin kifi ne? Tsuntsu ne, da gashinsa, yana yin ƙwai, amma ba ya tashi. Fukafukansa na iyo ne, kuma asalinsa kudancin duniya.

Ana iya shan ruwan? A'a, ruwan teku ne, kowace lita tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35.

Sai babbar tambaya, wadda na tabbata duk ɗan Islamiyya zai yi: “Wannan ne kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa?” Na ce masa Alƙur'ani ya ce kifi ne, bai faɗi irinsa ba, mu ma ba za mu ƙara a kan abin da aka faɗa ba. Amma daga ranar ƙissar ta zauna masa daban. Da can da tarwada yake auna ta.

Za su ga kifayen da suka sani na gida?

Babban tankin na halittun teku ne, namu kuwa na ruwan daɗi ne, don haka kada su sa ran ganin karfasa ko kurungu a can. A sama ne ake da na koguna, kamar kifin firana na kogin Amazon mai kaifin haƙori. Akwai kuma ƙaton kadan da aka kawo daga Ostireliya a 2014, ana ce masa King Croc, tsawonsa ya haura mita 5, nauyinsa kilo 750. Kwance yake ba motsi, har 'yata ta ce gunki ne, sai da ya lumshe ido.

Ni dai na ga amfanin a riƙa haɗa wa yaro abin da yake gani da abin da ya sani. Mu ma muna da abubuwan mamaki a ruwanmu. Minjirya tana da wuta a jikinta, duk masunci ya san zafinta. Gaiwa takan binne kanta a laka in tafki ya ƙafe, ta yi watanni tana jiran damina. Giwan ruwa kan yi girman da sai maza sun taru a kansa, kamar yadda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Da babansu ya ba su labarin gaiwa a gaban tankin, wani Balarabe da ke kusa ya nemi a fassara masa, ya yi ta jinjina kai. Na ji daɗin yaran sun ga cewa ba kallo kawai muka zo ba, mu ma muna da abin faɗa.

Ana taɓa gilashi? Ana ɗaukar hoto?

Ɗora hannu a hankali ba laifi, bugawa ne ba a so. Ƙara tana gudu a ruwa fiye da ninki huɗu na gudunta a iska, kuma kifi yana da wani layi a gefen jikinsa da yake jin motsin ruwa da shi. Ɗan ƙwanƙwasawar da yaro ya ɗauka wasa ce, ga kifin ƙaramin tanki kamar a buga ganga a kunnensa ne. A gaya musu tun daga gida.

Hoto ana ɗauka, a kashe filashi. A kuma kiyaye fuskokin mutane, musamman mata da 'ya'yan wasu, domin dokar ƙasar ta hana ɗaukar hoton mutum ko yaɗa shi ba da izininsa ba, kuma ba sa wasa da ita. Ki ɗauki kaɗan a farko, ki mayar da wayar jaka. Hoton cikin ruwa ba ya cika fita da kyau, kuma yaro yana lura in ke wayarki kike kallo ba kifin da yake nuna miki ba.

Salla, abinci, banɗaki da shayarwa fa?

Duk akwai a cikin kantin: masallatan maza da na mata da wurin alwala, banɗakuna masu tsabta, ɗakunan canza wa jariri famfas da shayarwa. A kai kowane yaro banɗaki kafin a nuna tikiti, domin ba abin da ya kai “Umma, fitsari” a tsakiyar hanyar gilashi tayar da hankali. A ciyar da su kafin a shiga. Gidajen abinci suna da yawa, shinkafa da kaza ba sa wuya, sai dai tsada, don haka ruwa da ɗan biskit ko dabino a jaka suna da rana. A riƙo musu rigar sanyi mara nauyi ko da a watan Yuli ne da zafin waje ke haura digiri 40, domin sanyin cikin kantin yana kama yaro.

Yaya za a yi kada yaro ya ɓace?

Dubai Mall gari ne guda, shaguna sun haura 1,000. A raba aiki tun kafin a shiga: wane ke riƙe da wane. Kada a ce “muna kallonsu” a dunƙule, domin kowa sai ya zaci ɗayan ne ke kallo. A rubuta lambar waya a takarda a sa a aljihun yaro, da lambar ƙasa a gabanta. A ɗauki hotonsa da safe da kayan da ke jikinsa. A nuna masa masu gadi da kayan aikinsu, a ce in bai ga Umma ba ya tsaya inda yake, ko ya je wurin ɗayansu. Yaron da Hausa kawai yake ji, a koya masa faɗin cikakken sunansa da na babansa a fili.

Ba zalunci ba ne a tsare waɗannan halittu?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma ta zo mini a gaban kadan nan, dabbar da a daji take mallakar kogi guda. Mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Mun kuma san yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake tambayar ƙaramin yaron nan Abu Umair labarin ɗan tsuntsunsa. Abin da na fahimta shi ne ajiye dabba amana ce, nauyin ci da sha da lafiyarta yana wuyan wanda ya ajiye.

Wasu halittun kuwa sun fi ƙarfin tanki. A nan Dubai ɗin, a 2008 wani gidan kifaye da ke otal ɗin Atlantis ya ajiye wani nau'in shak mafi girma a cikin kifaye, mutane suka yi ta ƙorafi har aka mayar da shi teku a 2010. Ina ganin sun yi daidai da suka yi magana.

A ɗaya ɓangaren, a 2021 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta bayyana cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in shak da danginsu masu faɗin jiki suna fuskantar barazanar ƙarewa, galibi saboda yawan kamu. Yaron da ya tashi a Kano ko Damagaram, kilomita ɗaruruwa daga teku, ta ina zai ji tausayin abin da bai taɓa gani ba? Ni na kai nawa, kuma zan sake kai su. Amma ban ɓoye musu cewa gidan kifin na ainihi teku ne ba, kuma duk wurin da na ga ruwa ya yi dauɗa ko dabba ta rame, ba zan ba su kuɗina ba.

In ba Dubai za mu ba, akwai irinsa a wani wuri?

Masu zuwa Umara, akwai Fakieh Aquarium a bakin teku a Jidda, an buɗe shi a 2013, bai kai na Dubai girma ba amma yana nuna halittun Bahar Maliya, kuma ƙanƙantarsa ma alheri ce ga ƙananan yara. Abu Dhabi tana da nata babba da aka buɗe a 2021. Istanbul tana da ɗaya a unguwar Florya tun 2011. A Afirka ta Kudu akwai Two Oceans a Cape Town da uShaka a Durban. Duk abin da na faɗa game da lokaci da tsoro da haƙuri, haka yake a ko'ina.

Me za a saya musu na tsaraba?

Hanyar fita ta kantin kayan wasa take bi, ba makawa. A yi yarjejeniya tun a waje: abu ɗaya kowa, ko babu. Mu ƙaramin littafin hotunan kifaye muka saya, da fensir mai launi daga wani shago, suka kwana suna zane a masauki.

Bayan an dawo gida, suna tunawa kuwa?

Babban yana tuna lambobi, yana gaya wa abokansa kaurin gilashi da nauyin kada. Ita kuwa ƙaramar, bayan dawowarmu da kamar wata biyu na je da ita sayen kifi. Mai kifin yana da tarwada masu rai a cikin baho. Kafin in gama ciniki ta tsuguna a bakin bahon, kamar yadda ta yi a can, ta yi shiru tana kallo. Can ta ɗago ta ce, “Baba mai kifi, ka ga nan wurin da yake buɗewa? Ta nan yake numfashi.” Dattijon ya ajiye wuƙarsa, ya kamo ɗaya ya ɗaga mata murfin gefen kan, ya nuna mata jan abin da ke ciki, ya ce, “Haka ne, 'yata. Wa ya gaya miki?” Ta ce, “Gani na yi.”